Idon Kawu na Hagu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa ya nufa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu isa. Ya cika da hantsi a ɗakinsa na ƙurya, a gidan Baffa da ke unguwar PK8 a Libreville, ana tsuga ruwa. Tari ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba. Allah Ya jiƙansa.

Zan fara da zaman makokin, don shi ne ya hana ni sukuni.

Tabarmin da aka shimfiɗa ƙarƙashin rumfar kwano ba su cika ba. An ce wai mutane na tsoron taro, tun da motar jandarma ba ta daina zagaye ba. Gaskiya ne ana tsoro. Amma da aka yi sunan jikan Baffa kwanan baya, wannan lungun ba ya biyuwa saboda takalma. Waɗanda suka zo ɗin ma, sai mutum ya durƙusa gaban Baffa ya ce, "Ya haƙuri, Alhaji? Allah Ya jiƙan Saje, mutum ne mai kawaici." In ya koma gefe ya karɓi goro, sai ya rage murya ya ce wa na kusa da shi, "Allah dai Ya yafe masa abin da ya jawo mana." Da kunnena na ji. Na kuma ji wata yarinya haifaffiyar nan, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, tana tambayar uwarta da Faransanci ko wannan ne tsohon da ya ɓata bindigar Kwamanda. Wato maganar har ta gangara wurin yara. In aka bar ta, sunan da zai bi shi ke nan.

Da na shiga ciki gaida Inna, matarsa, tana zaune a kan tabarmar takaba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Direba, abu ɗaya nake roƙo. In na fita takaba gida zan koma wurin 'yata. Kafin in tafi, ina so wani namiji ya miƙe a gaban mutane ya ce kawunka bai ɓata aiki ba. Don in ta tambaye ni, in sami abin faɗa mata."

Na ce, "To, Inna." Na fito ina kallon ƙasa.

Ni ba malami ba ne. A aji huɗu na bar firamare, sauran karatun a jikin motoci da allon kantuna na ƙarasa shi. Taksi nake ja tsakanin unguwar Glass da PK8, kuma taksin na Baffa ne, ƙanin mahaifina, mai kantin shinkafa da madara, mai gidan da dukkanmu muke haya. Ku riƙe wannan, don shi ne rabin labarin.

Kawu dogo ne siriri, idonsa na dama fari fat, wani abu ya fashe kusa da shi lokacin yaƙi a gida. Ya yi soja har ya kai saje, shi ya sa ake kiransa haka. Bai taɓa ba da labarin yaƙi ba. In yara suka dame shi, sai ya ce, "An sha tafiya, an sha yunwa, takalmina kuma ya yi mini kaɗan." Shi ke nan. A Libreville gadi yake yi a wani sito na katako, makaminsa sanda. Bai mallaki bindiga ba a ƙasar nan, bai yarda ta kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

Bature mai siton ne ya fara gano shi. Mutumin yana zuwa farauta, kullum ya dawo yana zagin bindigarsa. Rannan Kawu ya ce a ba shi ya duba. Daga nan labari ya bazu wurin masu farauta, Turawa da Larabawa da manyan ma'aikatan ƙasar, cewa akwai wani tsohon Bahaushe mai ido ɗaya da ya iya saiti.

Ga wanda bai sani ba, a kan hancin bindiga akwai ɗan tsinken ƙarfe a tsaye, a baya kuma kusa da ido akwai 'yar kafa. Ka leƙa ta kafar, ka daidaita tsinken da abin da kake nufi. In harsashi bai sauka inda ido ya nufa ba, sai a ɗan motsa tsinken ko kafar har ido da harsashi su yarda da juna. Saitin ke nan. Da baki ba wuya.

Ni ke kai shi ranar Asabar da safe, wani tsohon ramin yashi a gaba da unguwarmu, inda gari ya ƙare. Kafin komai sai ya ga takardar izinin bindigar, ko da ba ya iya karanta ta, hatimin yake dubawa. Sai ya buɗe ta ya sa yatsa ya tabbatar ba komai a ciki. Sai ya tura ni in zaga bayan tudun in kori mata masu itace. Sannan a kafa kwalin madara da aka zana wa baƙin da'ira da man takalmi, a ajiye buhun yashi, mai bindiga ya kwanta rub da ciki. Mai bindigar da kansa. Na ga darakta mai farar riga da tumbi kwance cikin jan taɓo, Kawu na gyara masa ƙafa da tsinin takalminsa. Faransancinsa duka kalma uku ne: kushe, wato kwanta, dusuma, wato sannu, da ankor, wato sake.

"Harba. Kada ka taɓa komai. Ankor. Ankor."

Sai an yi uku ake zuwa duba kwali. Wani Balarabe mai kantin yadi ya harba ɗaya, ya ga ta kauce, ya kai hannu zai murɗa kafar baya. Kawu ya cire hula ya make masa hannu da ita. Ya ce mini, "Faɗa masa na farko zai iya zama tsoronsa ne, ko numfashinsa. Sai mun ga inda ukun suka taru za mu san laifin ƙarfe ne ko nasa." Balaraben ya yi fushi, amma Asabar ta gaba ya dawo da ƙaninsa.

Abin da bai taɓa yi ba shi ne a aiko masa da bindiga ya saita a bayan mai ita. Na tambaye shi dalili muna dawowa wata rana. Ya ce, "Kowa da yadda yake kwantar da kuncinsa. Kowa da yadda yake ɗora tsinke. Mu a bariki an koya mana ka aza abin hari a kan tsinke, yadda mace ke aza tulu a ka. Wani kuwa rufe abin yake yi da tsinken gaba ɗaya. In na saita da nawa ya harba da nasa, sama za ta bi. Ga shi ni da hagu nake harbi tun da na rasa wancan idon. Ni ba bindiga nake saitawa ba, Direba, bindiga da mutuminta nake haɗawa."

Idon mutane yake kallo ko da ba bindiga. 'Yata ta fari, ana ta dukanta a lekol, wato makaranta, wai ba ta kwafe abin da ke allo, ni ma na ƙara mata da nawa a gida. Kawu ya zaunar da ita a ƙofar gida ya ce, "Amaryata, wancan mai keken, hula ce a kansa ko rawani?" Ta ce wane mai keke? Ya juyo ya dube ni da idon nan guda, ya ce, "Kai ne ya kamata a daka. Yarinya ba ta da taurin kai, allon ne ba ta gani." Shi ya ɗauke ta a bas ya kai ta aka yi mata tabarau. Har ya mutu in ta shigo sai ya ce, "Ga mai ido huɗu ta zo wurin mai ido ɗaya, a raba mana daidai."

Inna kuma ba ta raga masa. Takan ce, "Wai mai samun kwalin ashana daga nan zuwa bakin titi, amma zare ya gagare shi shiga allura." Shi kuma ya ce ai allurar ce ba ta tsayawa wuri ɗaya. 'Yarsu guda ce, tana ɗakin da ke kallon nasu da mijinta tela da yaransu. Da la'asar yaran kan hau bayansa yana salla.

Sai shekarar nan ta zo da aka karya darajar kuɗin sefa. Muka wayi gari abin da ke aljihunmu ya zama rabi a wurin duk abin da jirgi ke kawowa, a ƙasar da kusan komai jirgi ke kawo shi. Masu sabunta sejur, katin zaman baƙo, da yawa suka ce bari a ci abinci tukuna, kati ya jira. Kati bai jira ba. Ba a jima ba aka yi shela a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara. Manyan motocin jandarma suka fara shiga unguwanni. A gidanmu masu kati ba su kai rabi ba. Baffa na da shi, ni ina da shi saboda taksi, Kawu da Inna mai siton ya yi musu. 'Yar Kawu da mijinta nasu ya mutu tuni.

Akwai wani Kwamandan jandarma da ke ɗaukar kaya a kantin Baffa. An kawo masa sabuwar bindiga karabin daga Faransa, irin mai ɗana kanta, ka ja kunama harsashi ɗaya ya fita, wani ya hau ba tare da ka taɓa ta ba. Manyansa za su je farauta da shi, yana son ya burge su. Ya ji labarin tsohon gidanmu. Ya ce wa Baffa zai aiko direbansa da ita ranar Asabar, ya kuma ƙara da murmushi cewa shi ke zana wa motoci hanyar da za su bi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baffa ya tara mazan gida a rumfa. Ya yi bayani, fuskarsa kamar an yi masa bushara da Makka. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla. Ya zo da safe kafin rana ta yi zafi."

Baffa ya ce, "Wa zai zo? Direbansa dai."

"To ba za ta yiwu ba, Alhaji. Mai ita zai kwanta."

"Saje, ka ji abin da kake faɗa kuwa? In je in ce wa Kwamanda ya zo ya kifa cikinsa a taɓo, gaban baƙo mai gadi, a wannan watan? Kai, ƙarfe ne fa kawai. Sikelina na kanti sau ɗaya aka daidaita shi. In ni na auna, in yarona ya auna, kilo kilo ne."

Kawu ya ce, "Sikeli ba shi da kunci."

Wasu suka yi dariya, Baffa bai yi ba. Mu duka 'yan kasuwa ne ko 'ya'yan 'yan kasuwa, maganar sikelin ta shige mu. Abin da aka gyara ai ya gyaru, ko a hannun wa. Aka yi ca a kan tsoho. Mai agogo ya ce girman kai ne. Wani ya ce soja ko ya tsufa ba ya jin magana sai ta bariki. Kawu na ta murza carbinsa.

Sai Baffa ya sauke murya. Ya ce, "'Yarka da mijinta, wa ke da sejur a cikinsu? Jikokinka fa?" Ya cire hularsa ta zanna ya ajiye a gaban ƙafar Kawu. "Na haɗa ka da Allah da zumuncin da ke tsakanin yayana da ƙanwarka."

A wurinmu in mai gida ya yi haka a gaban jama'a, an gama. Kawu ya daɗe yana kallon hular. Ya ɗauka ya kaɗe ta ya miƙa masa. Ya ce, "Zan yi. Amma ku shaida, ku duka. A faɗa masa da idona na saita ta, kuma na hagu. A faɗa masa kafin ya shiga daji ya kafa kwali ya harba uku ya ga inda take kai masa. In sama take bi, ya aza naman a kan tsinke, kada ya rufe shi. In ba a faɗa masa wannan ba, an cuce shi, an cuce ni."

Baffa ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne." Kowa ya ce mun shaida.

Ranar Asabar na ga abin da ban taɓa gani ba, Kawu kwance bayan bindiga. Ya sa ta a kafaɗar hagu. Ita kuwa don na-dama aka ƙera ta, duk harbi sai kwanson harsashi mai zafi ya fito ya gifta ta fuskarsa. Ɗaya ya manne masa a kunci ya ƙona shi, bai ko motsa ba. Ukun farko suka taru ƙasa da da'irar, sun ɗan karkata. Ya fito da ɗan ƙarfen da yake murɗa tsinke da shi, wanda wani maƙwabcinmu mai walda ya ƙera masa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya sake kwanciya. Da muka je duba kwali, ramukan uku suna tsakiyar baƙin, ɓarin goro zai rufe su. Direban Kwamanda ya yi fito ya ce, "Papa!" ya sara masa.

Kawu bai yi murna ba. Ya ce mini, "Faɗa wa yaron nan saƙona." Na buɗe baki ke nan Baffa ya ce, "Bari. Wannan ba maganar direbobi ba ce. Babba ke kai wa babba saƙo, ni zan faɗa masa da bakina."

Ni na kai Baffa gidan Kwamanda, can wajen Akanda, muna bin motar direban. Mutumin ya fito baranda da gajeren wando, ya karɓi bindigarsa yana shafawa. Ya tambaya ko ta yi. Baffa ya rusuna ya ce da Faransancinsa na kanti, "Ranka ya daɗe, yanzu ko makaho ya riƙe ta sai ya samu." Kwamanda ya ƙyalƙyale da dariya ya dafa kafaɗarsa. Aka yi sallama.

Ina tsaye a bayansa riƙe da katan ɗin madarar da muka kai gaisuwa. Ɗan kasuwa ba ya faɗin sharaɗin kaya a lokacin da yake miƙa su, haka muka tashi muka gani. Ɗa kuma ba ya gyara wa baffansa zance a gaban bare. Da waɗannan biyun muka dawo gida muna jin mun yi dabara.

Kada wani ya ce wannan sirri ne da nake tonawa yau. Baffa da kansa ya ba da labarin a rumfa da yammar nan, har yana kwaikwayon dariyar Kwamanda. "Ko makaho!" Mutane suka yi ta maimaitawa suna tafawa. Kawu ya ce, "Ka faɗa masa ya gwada ta?" Baffa ya ce, "Na faɗa masa abin da ya dace da kunnensa." Kawu ya juyo ya dube ni, ga tabon ƙuna a kuncinsa. Na dubi takalmina. Duk wanda ya ce mun shaida ranar Juma'a yana wurin.

Labarin farautar a gidan mai na ji shi daga bakin direban Kwamanda. Aladen daji ya fito fili, a tsaye, kusa. Aka ba Kwamanda girma ya fara. Ya harba ta bi ta saman bayansa. Ya sake, sama. Ya yi ta jan kunama har ta ƙare, ganye kawai ke zubowa. Wani ɗan ƙauye mai tsohuwar bindiga ɗaure da waya ya kayar da naman da harbi ɗaya. Babbansu ya yi dariya har da riƙe ciki. Direban ya ce da suka shigo gari, maigidansa ya ce tsohon nan mai saiti ya yi masa ba'a.

Motar jandarma ta zo bayan an idar da asuba, gari ya fara haske. Suka tsaya a bakin lungu suka ce kowa ya fito da katinsa. Aka ware mu gida biyu kamar awaki a kasuwa. Aka ɗora 'yar Kawu da mijinta da yaran, da sauran waɗanda ba su da shi, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Telan ya roƙi a bar shi ya ɗauki kan kekensa, aka hana. Kawu na tsaye da buta a hannu, ya miƙe ƙyam kamar a fareti. Ƙaramar jikar tana leƙowa ta tsakanin katakon motar tana kiran "Kaka, Kaka, takalmina." Ya koma ɗaki da gudu ya ɗauko, kafin ya fito motar ta tashi. Na ɗauke shi a taksi muka bi su har tashar jirgin ruwa. Ba a bar mu mun wuce ƙofa ba. Ya dawo da takalman a aljihun rigarsa.

Ni ban sani ba ko farautar ce ta kawo motar. Ta shiga gidajen da ba su taɓa jin labarin wata bindiga ba. Wataƙila ko giwa ya kayar da ita, da sun zo. Amma mutanen da aka kwashe wa 'yan'uwa suna neman wanda za su ɗora wa, kuma ba a ɗora wa mai gida, mai kanti, mai ba da taksi. Sai aka ɗora wa mai sanda. Aka ce tsufa ya ci idonsa. Aka ce da gangan ya karkatar da ita don an tilasta shi. Mutumin da 'yarsa tilo ke cikin motar!

Ba wanda ya zage shi a fuska, mu ba ma haka. Sai dai a sahu a bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa. Mai shayi ya zuba wa kowa kafin ya zuba masa. In ya iso rumfa zance ya mutu. Masu farauta ma suka ɗauke ƙafa, don labari ya kai musu. Wanda bai fasa zama da shi ba mutum ɗaya ne, mai waldan nan, Kirista ɗan Najeriya da ya tashi a arewa, Hausarsa ta fi ta 'ya'yanmu. Kullum in ya rufe shago sai ya zo su zauna a benci.

Sau ɗaya na ce masa, "Kawu, me ya sa ba za ka yi magana ba? Kowa ya san abin da ka ce." Ina so ne ya yi, don ni in huta. Ya ce, "In ce me? Ni na kwanta na harba. Na san ba a yi, na yi. Hula ta sa na bar abin da na sani." Sai ya ce, "Kai kuma kana da yara, riƙe taksinka." Ya ba ni mafita, na karɓa hannu biyu, har ina jin daɗi.

Kwalin nan na ranar Asabar, Inna ta toshe tagarsu da shi da gilashin ya fashe. Duk lokacin da na shiga gaishe shi yana kwance yana tari, sai in ga haske ya shigo ta ramukan uku ya sauka a bango. Ina gaisuwa ina kauce wa kallon wurin.

Ranar addu'ar bakwai mutane sun ɗan fi yawa, saboda an dafa shinkafa. Liman ya yi nasiha, ya ce ko akwai mai magana a kan mamaci kafin a shafa. Ana faɗin haka ne don al'ada, ba a jiran amsa. Na ji ƙafafuna sun miƙe da ni. Na ce, "Jama'a, Kawu bai ɓata bindigar Kwamanda ba. Ya ba da saƙo a gabanmu, ba a kai saƙon ba. Ina wurin."

Baffa ya ɗaga hannuwa sama ya ce da ƙarfi, "Allah Ya jiƙan Saje! Fatiha!" Duk hannaye suka tashi. Wa zai yi magana a kan Fatiha? Ni ma na ɗaga nawa. Aka shafa, mutane suka fara laluben takalma, an sami hanyar fita.

Ban zauna ba. Ban san abin da ya riƙe ni ba, sai dai na ji kamar tsinin takalmin Kawu a ƙafata. Daga inda nake, ban canza ko kalma ba, na sake faɗa. "Kawu bai ɓata bindigar Kwamanda ba. Ya ba da saƙo a gabanmu, ba a kai saƙon ba. Ina wurin."

Baffa ya ce, "Kai, ɗan nan, a gaban mutane?" Daga can bakin rumfa, inda yake tsaye don ba ya shiga sahun addu'armu, mai walda ya ce, "Alhaji, ai a gaban mutane ka ba da labarin makaho. Ina kan bencin nan na ji." Sai mai shayi, wanda ke zuba wa Kawu a ƙarshe, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka aka yi. Mun ce mun shaida." Liman ya ce, "La'ilaha illallahu." Mai agogo ya tashi ya fice ba sallama. Baffa ya sa takalmansa ya shige gida.

Washegari da safe ya aiko a karɓi makullin taksi. Na bayar. Yanzu ina taya mai walda riƙe ƙarfe kafin in sami wata motar.

Ba na so kowa ya yaba mini. Abin da ke ci na shi ne sauƙin abin. Magana ce da ba ta kai tsawon alwala ba, kuma abin da ta ci mini makulli ne. Makulli! Saboda shi na bar tsohon da ya gano idon 'yata ya yi watanni yana salla da fili a gefensa, ya mutu yana zaton laifinsa ne shi kaɗai. Da ni da duk wanda ya zauna a rumfar nan ranar Juma'a, sai da aka rufe shi da ƙasa muka tuna muna da baki.

Na shiga wurin Inna bayan an watse. Ta riga ta ji, katangar ba ta da kauri. Ba ta ce na gode ba, kuma ta yi daidai. Ta ce, "Ciro mini kwalin can daga taga, ka nemo wani ka toshe." Na ciro. Ta naɗe shi a zani tare da 'yan takalman jikarta, ta sa a ƙasan akwatin da za ta tafi da shi.

Allah Ka haskaka kabarin Kawu, Ka mayar masa da idon da ya bari a daji, Ka haɗa shi da 'yarsa a inda ba a tambayar kati. Mu kuma da muka ce mun shaida, Ka yi mana da sauƙi ranar da za Ka tambaye mu.